Ruwa Ke Tausasa Fata, Ba Tsadar Mai Ba

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a makarantar kwana a Birnin Kudu ko Gwaram ba ya bukatar a ba shi labarin abin da iskar Disamba ke yi wa jikin ɗan Adam. Da asuba a bi layin famfo, a yi wanka a gurguje da ruwa mai kama da ƙanƙara, kafin a isa filin taro ƙwauri ya yi furu-furu kamar an barbaɗa masa toka, leɓe ya tsage, dugadugai kuwa faso ya riga ya yi musu zane irin na ƙasar fadama da rani. Wannan iska daga Sahara take tasowa, tana ɗauke da ƙura, wadda da yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take. Amma babbar illarta ga fata ita ce ƙishirwarta. A watan Agusta laimar da ke cikin iska takan haura kashi 70 cikin ɗari. A Janairu da rana tsaka takan sauko ƙasa da kashi 20. Iska mai ƙishirwa irin wannan duk inda ta sami ruwa sai ta sha, ko a randa, ko a wankin da aka shanya, ko a fatar mutum.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani a hunturun bara, lokacin da na je gida hutu. Na shiga wani kanti sayen sabulu, sai na tarar da 'yan mata biyu, ɗaliban ajin kimiyya, suna shawara a kan man shafawa. Mai kanti ya jera musu kwalabe, yana yabon wadda ta fi tsada, wai ita tana "ciyar da fata". Sa'an nan ya sunkuya ya ɗauko wata roba marar suna, marar rubutu, ya ce wannan haɗi ne na musamman, mako biyu za a ga canji. Na roƙi izini na juya kwalba mai tsadar, na nuna musu ɗan ƙaramin rubutun da ke baya, na tambaye su ko sun taɓa karanta irinsa. Suka ce a'a. Yaran nan sun haddace jadawalin sinadarai, sun san yadda ake lissafin nauyin ƙwayar sinadari, amma ba wanda ya taɓa gaya musu cewa wannan ilmi yana aiki a bakin kanti. Ban ga laifinsu ba. Laifinmu na gani, mu malamai.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: man shafawa ba asiri ba ne, aikinsa ɗaya ne, watau ya taimaki fata ta riƙe ruwanta. Abubuwan da suka fi iya wannan aiki suna cikin mafiya arha a kasuwa. Kuma ɗalibin da ya iya karanta bayan kwalba ya sami garkuwa daga asarar kuɗi, har ma da asarar lafiya.

Katangar da muke sanye da ita

Saman fatarmu, wanda muke gani muke taɓawa, matattun ƙwayoyin halitta ne da aka jera hawa-hawa, kimanin hawa 15 zuwa 20. A yawancin jiki kaurinsa bai wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na milimita ba, ko da yake a tafin hannu da tafin ƙafa ya ninka haka sau da yawa. Masana sukan kwatanta shi da ginin tubali. Matattun ƙwayoyin su ne tubalan, kwaɓin da ke tsakaninsu kuwa kitse ne iri uku: seramaid, wanda ya kai kusan rabi, da kolestarol kimanin rubu'i, sauran kuma asid-asid na kitse. A cikin kowane tubali akwai wasu ƙananan sinadarai masu son ruwa, waɗanda jiki ke ƙerawa da kansa, suna riƙe da laima don kada tubalin ya yi gautsi. Ana sabunta wannan katanga daga ƙasa, tsofaffin tubala suna zubewa daga sama ba tare da mun sani ba, cikin kimanin wata guda an sake ta.

Katangar ba ta hana ruwa fita ɗungum. Ko ba a yi gumi ba, babban mutum yakan rasa kimanin mililita 300 zuwa 400 ta fatarsa a yini, watau kusan cikin kwalbar lemo guda, kamar dai yadda sabon tulu ke tsattsafowa. Da damina wannan ba ya zama matsala. Da hunturu kuwa iska tana ɗebewa fiye da yadda jiki ke mayarwa. Sa'an nan mu da kanmu muna taimaka mata: ruwa mai zafi ƙwarai yana narkar da kwaɓin, soso mai kaushi yana kankare shi, sabulun wanki da garin wanki, waɗanda ɗaliban kwana da yawa ke wanka da su idan guzuri ya ƙare, suna wanke shi kamar yadda suke wanke maiƙon tukunya. Fata tana da ɗan tsami, ma'auninta na pH kusan 5 ne, sabulun wanki kuwa yakan kai 9 ko 10. Idan kwaɓi ya zube, tubala suka bushe, sai gefunansu su ɗaga. Farin nan da muke gani a ƙwauri ba ƙura ba ce kawai. Haske ne ke warwatsuwa a kan ɗagaggun ɓawo, kuma ya fi fitowa fili a baƙar fata.

A shekarar 1952 wani masani a birnin Boston na Amurka, Irvin Blank, ya yi wani gwaji mai sauƙi wanda ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Ya yanko kaushin tafin ƙafa, ya busar da shi har ya yi tauri. Ya tsoma wasu yankuna cikin mai iri-iri, ya bar su tsawon lokaci, suka ƙi laushi. Waɗanda ya bari suka sha ruwa kuwa, suka yi taushi. Ya nuna cewa saman fata yana bukatar ruwa kimanin kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa kafin ya lanƙwasu ba tare da ya tsage ba. Ashe dai ruwa ke tausasa fata. To, mene ne amfanin mai? Amfaninsa shi ne gadin ruwan.

Masu janyowa, da masu tarewa, da masu cike gurbi

Duk ɗimbin sunayen da ke bayan kwalba, waɗanda ke yin ainihin aikin sun kasu gida uku.

Gida na farko su ne masu janyo ruwa. Duk wanda ya taɓa barin buhun takin yuriya a buɗe da damina ya ga yadda yake jiƙewa ya dunƙule, haka ma gishiri a kwano. Sarkin wannan gida shi ne gilisarin, wanda Carl Scheele, mutumin Siwidin, ya gano a 1779. Kowane kitse da kowane man girki, daga man gyaɗa har man shanu, gilisarin ne da aka ɗaura wa asid na kitse guda uku. Shi ya sa idan ana dafa sabulu yake fitowa a matsayin rara, shi ya sa kuma yake da arha. Ƙwayarsa tana da hannaye uku na OH, kowanne yana iya kama ruwa. Na biyunsa yuriya ce, ita dai wadda manomin shinkafa ya sani, wadda Friedrich Wöhler ya harhaɗa a ɗakin gwaji a Jamus a 1828, abin da ya girgiza masu ganin cewa sai mai rai ke iya ƙera irin waɗannan sinadarai. Fatarmu tana da tata yuriyar. A man shafawa, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari yana janyo ruwa, kashi 20 zuwa sama kuwa yana narkar da kaushi, don haka ake sa ta a man faso. Kada wani ya ji haka ya nufi buhun taki: na gona ba a tace shi domin jikin mutum ba. Akwai kuma asid ɗin da ke sa nono tsami, da wani mai dogon suna, asid hayaluronik, wanda 'yan talla suka ɗaukaka a 'yan shekarun nan. An fara ciro shi ne daga ruwan idon saniya a 1934. Yana riƙe ruwa ƙwarai, ba musu, amma a ganina bambancin kuɗinsa da na gilisarin ya fi bambancin aikinsu nisa.

Wannan gida yana da aibi guda wanda ya shafe mu kai tsaye. Mai janyo ruwa ba ruwansa da inda ruwan ya fito. A Legas ko Fatakwal zai samu a iska. A Gwaram cikin Janairu iska ba ta da abin bayarwa, sai ya janyo daga ƙasan fata zuwa sama, inda hunturu ke jira. Saboda haka gilisarin tsurarsa, ban da danƙon da yake yi, bai isa ba. Sai an sirka shi da ruwa, an kuma yi masa murfi.

Murfin shi ne gida na biyu, masu tare ruwa. A nan babu kamar basilin. A 1859 wani saurayi mai ilmin sinadarai, Robert Chesebrough, ya ziyarci rijiyoyin man fetur na Titusville a Amurka, ya ga ma'aikata suna lakato wani danƙo da ke taruwa a jikin ƙarafan haƙa suna shafa wa raunukansu. Ya yi shekaru yana tace shi, ya yi masa rajista a 1872 da sunan Vaseline. Idan ka ga an rubuta Petrolatum a bayan kwalba, shi ne. Paraffinum Liquidum kuma ɗan'uwansa ne mai ruwa-ruwa. Gwaje-gwaje sun nuna basilin yana rage tsiyayewar ruwa daga fata da kusan kashi 98 cikin ɗari, alhali sauran 'yan gidan ba su cika wuce kashi 20 zuwa 30 ba. A cikinsu akwai kakin zuma, wanda ake rubutawa Cera Alba, da dimetikon, da lanolin, watau maiƙon ulun tumaki. Kada a je neman lanolin a jikin Balami ko Uda. Tumakinmu masu gashi ne, na ƙasashen sanyi ke da ulu.

Nakan ji ana cewa tun da basilin daga ɗanyen man fetur yake, lalle yana da guba. Tataccen basilin, fari ko mai ɗan rawaya, wanda ya zo a rufe da lambar rajista, yana cikin abubuwan da ba su cika tayar wa fata da hankali ba, har asibitoci na amfani da shi. Abin tsoro shi ne wanda ba a tace sosai ba, da kuma baƙin man inji da wasu ke shafa wa faso ko ciwo, domin wannan yana ɗauke da sinadarai masu jawo sankara. Wani haɗarin kuma da ba a faɗa shi ne wuta. Tufafi da bargon da suka sha mai suna kamawa da sauri, har hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta sha yin gargaɗi a kan haka bayan an yi asarar rayuka. Mu da muke kewaye wuta muna jin ɗumi, muke shigar da garwashi ɗaki, mun fi su bukatar wannan gargaɗi, musamman game da yara da tsofaffi.

Gida na uku su ne masu cike gurbi, watau mayukan da ke shiga tsakanin ɗagaggun ɓawo su kwantar da su, fata ta yi sulɓi. Yawancin man tsirrai nan suke. Su ne ke sa furu-furun ya ɓace nan take, mutum ya ɗauka ya warke, alhali ido kawai aka gyara wa. In an shafa su a busasshiyar fata, kaushin Blank ne aka sake tsomawa cikin mai. Kuma ba kowane man tsiro ne ke yi wa katangar kirki ba. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Sheffield ta Ingila, aka buga a 2013, ya nuna cewa shafa man zaitun kullum har mako huɗu ya raunana saman fatar waɗanda aka gwada, man furen rana kuwa bai yi haka ba. Kasancewar abu daga tsiro yake ba shaidar komai ba ce. Tunya ma tsiro ce.

Sauran sunayen 'yan rakiya ne. Ƙa'idar rubutun ita ce a fara da abin da ya fi yawa, a bi da mai bi masa, har a kai waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A kusan kowane mai mai ruwa-ruwa, sunan farko shi ne Aqua, watau ruwa da Latinanci. Ruwa da mai ba sa ga maciji, don haka ake sa musu mai sulhu, wani sinadari mai kai biyu, ɗaya na son ruwa, ɗaya na son mai. Dabarar tsohuwa ce, ana jingina ta ga likita Galen na zamanin Rumawa, wanda ya haɗa kakin zuma da man zaitun da ruwan wardi. Man Nivea da ya fito a Hamburg a 1911 da irin wannan dabara ya yi suna. Duk inda ruwa yake kuwa ƙwayoyin cuta za su zo, shi ya sa ake sa masu hana ruɓa, irin su faraben. Mai sayarwar da ya ƙara ruwa a kwalba don ya ci riba ya karya wannan kariya. Daga ƙarshe sai Parfum, watau turare, wanda ba ya ƙara wa fata komai, kuma yana kan gaba cikin abubuwan da ke jawo ƙaiƙayi da borin fata.

Batun "ciyar da fata" kuwa, ɗalibin aji biyar zai iya warware shi da fensir. Nauyin ƙwayar yuriya 60 ne, na gilisarin 92. Masana sun lura cewa abin da ya wuce 500 da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. Kolajin, wanda ake rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a gaban kwalba, nauyinsa kusan 300,000 ne. Raƙumi ne a ƙofar kurtun kaji. Yana zama a sama ya ɗan riƙe laima, a wanke shi da safe. Fata ta ciki ake ciyar da ita, ta hanyar jini.

Kaɗanya da ta sha suna

A kwalbar nan mai tsada da na juya a kanti, cikin jerin sunaye na ga an rubuta Butyrospermum Parkii. Na tambayi 'yan matan ko sun san wannan baƙon. Man kaɗe ne, wanda kakanninsu ke saye a ƙoƙo a kasuwar Sara. An raɗa wa itacen wannan suna ne don tunawa da Mungo Park, Baturen da ya bayyana shi ga Turawa bayan tafiyarsa ta bakin kogin Kwara a ƙarshen ƙarni na 18, ko da yake a yau masana tsirrai suna kiransa Vitellaria paradoxa. Mutanenmu ba su jira shi ba. Masu haƙar tarihi sun gano a Kirikongo ta Burkina Faso cewa ana sarrafa ƙwallon kaɗanya tun wajen shekara ta 100 miladiyya.

Kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na kitsen man kaɗe asid biyu ne, sitiyarik mai sa shi daskarewa da oleyik mai sa shi laushi. Yana narkewa ne a daidai ɗumin jikin mutum, shi ya sa yake dunƙule a gwangwani amma ya malale a tafin hannu. Yana cike gurbi, yana kuma ɗan tare ruwa. Har ila yau yana da kaso mai yawa, fiye da yawancin man tsirrai, na wasu sinadarai da ba sa zama sabulu, waɗanda bincike ya nuna suna rage kumburi. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwallon kaɗanya, amma an daɗe ana fitar da shi ɗanye, a tace a ƙetare, a sa ɗan kaɗan a kwalba, a dawo mana da shi da sunan Latinanci. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida domin a ƙarfafa sarrafa shi a gida. Mu a kudancin Jigawa ba mu da yawanta kamar jihohin Neja da Kwara da Kebbi, kuma 'yar wadda ta rage a gonaki gatarin masu gawayi da masu sassaƙa turmi na bin ta. Itacen da sai ya shekara goma zuwa goma sha biyar kafin ya fara 'ya'ya, ana kayar da shi cikin yini guda.

Wani zai ce, "To, malam so yake mu koma zamanin da, mu riƙa warin kaɗe a aji." Ba haka nake nufi ba, kuma gaskiya ɗaya ce: man kaɗe yana da nasa rauni. Ba shi da mai janyo ruwa. Wanda ba a yi shi da tsabta ba yakan yi wari, yakan lalace, wasu kuma sukan gauraya shi da wani kitse. Basilin yana da nauyi, da bazara yakan tayar da ƙurajen zafi, kuma saurayi mai ƙurajen fuska gara ya sassauta. Man kamfani na kirki, wanda ya haɗa ruwa da gilisarin da abin tarewa a kwalba guda, ya fi kowannensu shi kaɗai dacewa, mai seramaid ma yana da gurbinsa ga mai larurar fata. Abin da nake musu a kai shi ne a ɗauki tsada a matsayin ma'aunin inganci. A 2022 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila kan yara 550 masu kircin bushewar fata, inda aka kwatanta man shafawa iri huɗu, daga mai ruwa-ruwa har mai kauri. Ba a ga wanda ya fi wani ba. Wanda yaro ya yarda a shafa masa kullum, shi ne ya yi aiki.

Lokacin shafawa ma ya fi sunan mai muhimmanci. A yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada a daɗe, a tsane jiki ba tare da gurzawa ba, a shafa mai cikin 'yan mintoci tun fata na da laima. Mai faso ya jiƙa ƙafa da dare, ya goge kaushi a hankali, ya shafa basilin ko kaɗe, ya sa safa. Hannu da ƙafa da ke shan ruwan alwala sau biyar a yini, iska na busar da su sau biyar. Ɗan lakaton mai bayan an idar yana yin abin mamaki. Lasar leɓe kuwa ƙara tsaga shi take yi.

Robar da ba ta da suna

Na bar wannan a baya domin shi ne ya fi ci mini rai. Kwalba mai tsada aljihu kawai take cuta. Robar nan ta ƙarƙashin teburi kuwa, wadda ake cewa mako biyu za a ga canji, ba man laushi ba ce. Babu mai janyo ruwa ko mai tarewa da ke sauya launin mutum. Duk man da ya haskaka ka cikin mako biyu, akwai magani mai ƙarfi a ciki, kuma yawanci ɗaya ne cikin uku. Haidirokwinon yana hana fata ƙera launinta. In an daɗe ana shafawa sai ya juya, ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda da wuya ya goge, kamar yadda likitocin Afirka ta Kudu suka bayyana tun 1975. Sitiroyid, irin su kilobetasol, magani ne na gaske da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki. In aka mai da shi man kullum sai fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ciwo ya ƙi warkewa, makero da ƙyasbi su sami gona, ya kuma ratsa cikin jini ya taimaka wa hawan jini da ciwon sukari. Na uku zaiba ce, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, tana kuma kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Yaro ƙarami ya fi babba haɗari, domin faɗin fatarsa, in an gwada da nauyinsa, ya fi yawa. Amma ga shi har jarirai ake shafa wa.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa a 2023. Za ku riƙa jin ana cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna shafa shi. Ɗalibin kimiyya ya kamata ya tambayi asalin kowane adadi: wannan ya samo tushe ne daga wani bincike na 2002 da aka yi kan 'yan kasuwa 450 a Legas, ba ƙidayar ƙasa ba ce. Amma ba sai da ƙidaya za mu san abin ya iso mu ba. A dubi gaɓoɓin yatsu a gidan biki. Launin da ake yaƙa kuwa shi ne laimar da ke kare mu daga hasken rana mai ƙuna, abin da 'yan'uwanmu zabiya suka fi kowa sanin darajarsa. Wadda ta riga ta daɗe tana shafa haɗi, kada ta ji kunya, kada kuma ta yi wa kanta magani. Yanke sitiroyid farat ɗaya yana da tasa wahala, sai da shawarar likita. Haka nan mai ciwon sukari da ya ga faso ya fara ruwa, da mai ƙaiƙayin dare da ya game gida, da wanda ya ga wani tabo mai haske a jikinsa da ba ya jin taɓi, duk ba aikin man shafawa ba ne. Su nufi asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Ga 'yan'uwana malamai, roƙona shi ne mu ware darasi guda a zangon hunturu. Kowane ɗalibi ya zo da kwalbar man da ake shafawa a gidansu, ko da wadda ta ƙare ce. A rubuta sunaye biyar na farko a allo, a raba su gida-gida, a duba lambar rajista da ranar lalacewa, a ware waɗanda ba su da rubutu ko kaɗan a gefe guda. Sa'an nan a samo kofuna huɗu masu girma ɗaya, a zuba ruwa daidai wa daida, a rufe bakin kowanne da takardar tacewa, a ɗaure da roba. Takarda ta farko a bar ta haka, ta biyu a shafe ta da basilin, ta uku da man kaɗe, ta huɗu da man kantin da ya fi tsada a ajin. A jera su a taga ɗaya, kowa ya rubuta hasashensa a littafi tun ranar farko, a riƙa auna nauyinsu kowace safiya har kwana bakwai. Makarantar da ba ta da sikeli ta yi amfani da kofin gilashi, a riƙa sa alama da alƙalami a inda ruwa ya tsaya.